Ayarin Mata Goma Sha Uku: Yadda LPGA Ta Tsaya da Ƙafarta

A watan Satumba na 1950, ana cikin gasar US Women's Open a filin Rolling Hills da ke Wichita, a jihar Kansas ta Amurka, aka ƙulla kafuwar ƙungiyar ƙwararrun mata masu buga ƙwallon lambu, wato golf. Mata goma sha uku tarihi ya rubuta a matsayin iyayen wannan ƙungiya da aka sani yau da LPGA. Ba su da ofis, ba su da fili ko ɗaya na kansu, gidajen talabijin kuwa ko kallo ba su ishe su ba. Duk kuɗin da aka zuba a gasannin kakar farko bai wuce kimanin dala 50,000 ba, kuma a ciki kowacce za ta sha mai, ta biya masauki, ta ci abinci.

Wasan ba shi da wuyar bayani. Fili ne mai ramuka 18, kowane rami da tutarsa, ana bin ƙwallo da sanda daga wannan zuwa wancan, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Manomin albasa a Giyawa, wanda ya san man da injin ban-ruwa ke sha kafin ruwan Rima ya kai ƙarshen gonarsa, dole ya girgiza kai in ya ji ana shayar da gomman kadada na ciyawar da ko akuya ba a bari ta taɓa. Da gaskiyarsa. Wasan masu hali ne, kuma a Amurkar wancan zamani masu halin maza ne. Mace ta buga don nishaɗi babu laifi, amma ta ce da shi za ta ci abinci, sai a ga ta zubar da aji.

An taɓa gwadawa kafin nan. A 1944 Hope Seignious da wasu mata biyu suka kafa ƙungiyar WPGA, wadda ita ta fara shirya US Women's Open a 1946, Patty Berg ta lashe. Sai dai kuɗin audugar gidan su Seignious ne ke riƙe da ita, da aljihun ya gaji sai ta durƙushe.

Matan da suka tattara abin da ya saura ba tafiyarsu ɗaya ba. Patty Berg, shugabar farko, ta yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Helen Dettweiler ta tuƙa manyan jiragen yaƙi a lokacin. Opal Hill ta kusa sittin, kuma likita ne ya tura ta fili tun asali saboda ciwon ƙoda. Marlene Bauer shekarunta 16, tare da yayarta Alice take yawo. Shirley Spork malamar makaranta ce. Akwai Louise Suggs, wadda masana suka ce ba mai tsabtar bugunta. Sannan akwai Babe Zaharias.

Babe ce jarin ƙungiyar, kuma ta sani. Tun a gasar Olamfik ta 1932 a Los Angeles ta ci zinariya biyu, a jifan mashi da tseren tsallake shinge, da azurfa a tsalle, kafin ta waiwayi golf. Tana da ƙarfin bugu, tana da baki, tana tsokanar 'yan kallo suna kwashewa da dariya. Saboda ita da Berg kamfanin kayan wasa na Wilson ya yarda ya biya Fred Corcoran, wakilin Babe, ya nemo wa matan gasanni. Wani mai ɗinka tufafin mata, Alvin Handmacher, ya ɗauki nauyin jerin gasa a birane huɗu da sunan hajarsa, Weathervane. Abin dariya, gasar farko ta kakar, a Tampa cikin Janairu, Polly Riley ce ta cinye ta, ita kuwa ba ta ɗauki wasan sana'a ba, don haka ko sisi ba ta da ikon karɓa. Daga nan Babe ta karɓe ragama: ta lashe manyan kofuna ukun shekarar duka, ta tashi da dala 14,800. Ba ta ɓoye ra'ayinta cewa ita ake zuwa kallo ba, Suggs kuma ba ta ɓoye jin haushin hakan ba. Kowaccensu tana da hujja, domin ba Babe ba 'yan kallo, ba sauran kuma ba gasa.

Wahalar tana kan hanya. Ana gama gasa ranar Lahadi sai a loda sanduna da akwatuna, motoci su jeru kamar ayarin fatake mai barin zango, a nufi wani gari da ke nesa da ɗaruruwan kilomita. Babu wayar hannu, sai suka tanadi faifan buga ƙwallon tebur masu launi daban-daban. In wata ta zuro launi kaza ta taga, an san mai ya kusa ƙarewa. Wani launin na yunwa ne, wani na zagayawa. Taya in ta fashe duk ayari ya tsaya. Da an isa kuma wani aikin ya tashi, don su ne za su zagaya fili su kafa turakun iyaka, su zaɓi inda za a sa tuta a kowane rami, su tsara wa za ta buga da wa, su yanke hukunci in gardama ta tashi, da yamma ma'ajinsu, wadda ita ma ta wuni tana wasa, ta zauna rubuta cek. Marilynn Smith, ɗaya daga cikin sha ukun, kan je filin wasan besbol ta buga ƙwallaye a gaban jama'a, ta karɓi lasifika ta gayyace su. Har dandalin dambe sun shiga talla.

A 1953 aka gano Babe na da ciwon dajin hanji, aka yi mata tiyata. Shekara ta zagayo ta dawo ta lashe US Women's Open da tazarar bugu 12. A watan Satumba na 1956 ta rasu tana da shekara 45, mutane da yawa suka ɗauka ƙungiyar za ta bi ta. Ba ta bi ta ba, saboda matan sun riga sun iya kowane aiki da hannunsu, kuma sababbin gwanaye sun taso. Mickey Wright ta ci gasa 82, Kathy Whitworth ta ci 88.

A farkon shekarun 1960 ƙungiyar ta gamu da wata jarrabawar. Althea Gibson, wadda ta lashe Wimbledon a tanis a 1957 da 1958, ta zama baƙar fata ta farko a cikinta. Wasu kulob suka hana ta shiga ɗakin sauya kaya, a mota take sa takalmi. Wasu suka mayar da gasarsu ta gayyata zalla don kawai su tsame ta. Ƙungiyar da ke lissafin kowace dala ta zaɓi ta rasa irin waɗannan gasanni a kan ta bar ɗaya daga cikinta a waje. Renee Powell ta biyo sahu a 1967.

Kuɗin kirki sai a 1972 suka shigo, lokacin da David Foster na kamfanin Colgate ya lura cewa matan da ke sayen sabulu da man goge baki su ne kasuwarsa. Ya haɗa kai da mawaƙiya Dinah Shore, suka sa dala 110,000 a gasa guda a Kalifoniya. A 1975 'yan wasan suka sauke wa kansu nauyin mulki, suka ɗauki Ray Volpe a matsayin kwamishina na farko. Nancy Lopez ta zo a 1978 ta ci gasa tara, biyar a jere, talabijin ya bi ta.

Amma ranar da ta sauya fuskar LPGA ita ce wata Litinin a watan Yuli na 1998, a filin Blackwolf Run na jihar Wisconsin. Se Ri Pak, 'yar Koriya ta Kudu mai shekara 20, tana karawar raba gardama da Jenny Chuasiriporn a gasar US Women's Open. A rami na 18 ƙwallonta ta gangara ta maƙale a ciyawar bakin tafki. Pak ta tsaya ta duba, ta cire takalmi, ta cire safa, ta shiga ruwa. Ƙafafunta fari fat daga idon sawu zuwa ƙasa, sama kuwa rana ta ƙone su, shaidar shekarun da ta yi a fili. Tana tsaye cikin ruwan ta bugo ƙwallon, ta tsira da kunnen doki, ta ci kofin a rami na 20. Koriya a lokacin tana cikin ƙangin tattalin arziki da bashin IMF, mutane na kai zinariyar gidajensu don ceto ƙasa, kuma da yawansu sun hana ido barci suna kallo. Cikin yaran da suka ɗauki sanda bayan wannan dare akwai Inbee Park, wadda ta ci wannan kofin a 2008.

Yawan 'yan Asiya bai yi wa kowa daɗi ba. A 2008 kwamishina Carolyn Bivens ta fito da dokar dakatar da duk wadda ba ta iya Turanci ba, aka yi mata ca, ta janye. Karyewar tattalin arzikin duniya ta kori masu ɗaukar nauyi, manyan 'yan wasa suka rubuta takardar neman ta sauka, ta sauka a 2009. Gasa 34 na 2008 suka koma 23 a 2011. Magajinta Mike Whan ya rungumi abin da ita ta ɗauka matsala, ya ƙara karkata ga Asiya da kamfanoninta. A 2011 ya ƙirƙiro Founders Cup a Arizona, inda aka buga ba don aljihu ba, kuɗin suka tafi ga ayyukan taimako, Smith da Spork da Suggs na zaune a bakin rami na ƙarshe suna gaisawa da kowace yarinya. A Nuwamba 2024 Jeeno Thitikul ta Tailan ta karɓi dala miliyan 4 a gasa guda a Florida. Duk da haka giɓin na nan: a shekarar, US Open ta maza ta raba dala miliyan 21.5, ta mata miliyan 12.

Rabon Afirka a wannan tafiya kaɗan ne. Sally Little ta Afirka ta Kudu ta ci manyan kofuna biyu a shekarun 1980, Ashleigh Buhai, ita ma 'yar ƙasar, ta ci na Birtaniya a 2022 a Muirfield, kulob ɗin da sai a 2017 ya amince mata su zama mambobi. A shekarar 2022 ɗin Ines Laklalech ta Maroko ta ci gasa a Faransa a zagayen matan Turai. A Arewacin Najeriya filayen sun girmi LPGA nesa ba kusa ba, na Rayfield a Jos tun 1913, na Kaduna tun 1921, kuma shekara da shekaru kewayen raminsu yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai saboda tsadar ruwa. Matan da ke buga wasan a ƙasar nan galibi 'yan sha'awa ne ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa, ba masu cin abinci da shi ba. Georgia Oboh, wadda ta wakilci Najeriya a Olamfik na matasa a Buenos Aires a 2018, a Ingila aka haife ta, a zagayen Turai ta fara sana'ar. A 2024 ta ci gasar John Shippen, wadda aka ware wa baƙaƙen 'yan wasa, nasarar da ta ba ta gurbi a gasannin LPGA biyu a jihar Michigan.