Yadda kiɗan soul na Amurka ya rikiɗe ya zama na Afirka

Kiɗan soul ya samo asali ne a cikin baƙaƙen fatan Amurka a shekarun 1950, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon rera waƙoƙin coci suka sa shi a waƙoƙin soyayya da na zaman duniya. Kamfanonin Motown da ke Detroit da Stax da ke Memphis suka yayata shi, har faya-fayansa suka cika gidajen rawa na Legas da Accra.

Da fari kwaikwayo kawai aka yi. Geraldo Pino, ɗan ƙasar Saliyo, ya iso Legas a shekarun 1960 da kayan kiɗa na zamani, yana rera waƙoƙin James Brown tamkar mai su. Matasa suka juya wa kiɗan highlife baya. Fela Kuti da kansa ya amsa daga baya cewa zuwan Pino ya girgiza shi ƙwarai. Wasu kuwa tuni suka fara gauraya: a 1966 Orlando Julius ya fitar da faifan Super Afro Soul, inda ya haɗa soul da highlife.

Fela ne ya kai abin nesa. A 1969 ya je Amurka, ya zauna a Los Angeles, inda ya sha ra'ayoyin masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Da ya dawo, shi da makaɗin gangarsa Tony Allen suka ɗora ƙahonni da jita irin na James Brown a kan kiɗan Yarabawa, waƙa ɗaya ta kan wuce minti 10, ana yin ta da gargajen Turanci, ana caccakar masu mulki. Wannan shi ne Afrobeat, kuma bai kamata a rikita shi da Afrobeats na matasan yau ba. Sa'ad da James Brown ya yi wasa a Legas a 1970, makaɗansa, ciki har da Bootsy Collins, sun je gidan rawar Fela sauraro.

A Ghana, ranar 6 ga Maris 1971, Wilson Pickett da Ike da Tina Turner sun yi wasa a bikin Soul to Soul a Accra.

Daga nan kiɗan ya koma inda ya fito. Waƙar Soul Makossa ta Manu Dibango, ɗan Kamaru, ta fito a 1972 a bayan faifan da aka yi domin gasar cin kofin Afirka, sai ga ta ta karɓu a New York. Michael Jackson ya ɗauki amshinta ya sa a faifansa Thriller na 1982 ba da izini ba. Dibango ya nemi haƙƙinsa, aka sasanta a wajen kotu, aka biya shi.