Majajjawa a Sararin Samaniya: Tarihin Neman Nauyi ta Hanyar Juyi

A ƙasar Tsiga da kewayenta, tun daga Bakori har Funtua da Malumfashi, idan dawa ta fid da kai tsuntsaye suka soma sauka, akan tura yara gona da majajjawa. Yaro yakan ɗora dutse a tafinta ya yi ta wujijjigawa, dutsen kuwa ya lafe a mazauninsa kamar an liƙa shi, ko da majajjawar ta zo daidai inda ya kamata ya zube. Babu hannun da ke riƙe da shi, juyin ne kaɗai ya danne shi. Wannan abu da yara suka raina shi ne tushen dabarar da masana da marubutan ƙagaggun labaran kimiyya suka shafe fiye da shekara ɗari suna zanawa, wato gina mazauni a sararin samaniya wanda zai riƙa juyawa, don mutanen cikinsa su sami nauyi irin wanda suka saba da shi a doron ƙasa.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a warware wani kuskure da ya yaɗu. Jama'a da dama sun ɗauka 'yan sama jannati suna shawagi cikin kumbo ne saboda sun wuce inda jan ƙasa yake kaiwa. Ba haka ba ne. A nisan kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take kewayawa, jan ƙasa bai ragu da abin da ya wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari ba. Abin da ke faruwa shi ne kumbon da mutanen cikinsa duk faɗuwa suke yi tare, faɗuwar da ba ta ƙarewa domin gudunsu na gefe ya sa kullum suna kuskure ƙasar. Nauyin da mutum ke ji a jikinsa turin daɓe ne a tafin ƙafarsa. In daɓen yana faɗuwa tare da shi, sai turin ya ɓace. Saboda haka wanda duk ke son mayar da nauyi, daɓen da zai riƙa turo ƙafa zai nema, tafin majajjawa kuwa irin wannan daɓe ne.

Lissafin abin ya daɗe da kammala. Christiaan Huygens, mutumin ƙasar Holan, ya warware shi a 1659, sannan Isaac Newton na Ingila ya shigar da shi cikin dokokinsa na motsi a 1687. Ƙa'idar ba ta da wuya. Duk abin da ke tafiya miƙewa yake so ya yi, igiya ce ke tanƙwaro shi zuwa cibiya, wannan tanƙwarowa kuwa ita ce yake ji kamar nauyi. Idan aka ninka tsawon igiya, yawan juyi a minti bai sake ba, nauyin ya ninka sau biyu. Idan kuwa saurin juyin aka ninka, nauyin ya ninka sau huɗu. Daga nan ake fitar da alƙaluman da dukan wannan tarihi ya rataya a kansu. Don a sami cikakken nauyin ƙasa da juyi 10 a minti, mita 9 daga cibiya zuwa baki sun isa. Da juyi 4, sai mita 56. Da juyi 2, mita 224. Da juyi ɗaya tak, kusan mita 900. Ita kanta duniya majajjawa ce, sai dai mutane a bayanta suke zaune, don haka ragi take yi musu: buhun masara mai kilo 100 a kasuwar Funtua juyin duniya yana rage masa nauyin abin da ya kai kusan sulusin kilo.

Daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan lissafi suka kai shi sama akwai Konstantin Tsiolkovsky, wani malamin makaranta a garin Kaluga na ƙasar Rasha, wanda ciwon yarinta ya bar shi da kurumta. Shi ne ya buga ƙa'idar tashin roka a 1903, kuma a wani ƙagaggen labarinsa da ya fito a 1920 ya sa matafiyansa suna juya kumbonsu don su sami nauyi. Amma zane na farko mai cikakken awo daga hannun Herman Potočnik ya fito, tsohon hafsan sojan Ostiriya ɗan ƙabilar Sloben, wanda ya yi rubutu da sunan Noordung. A littafinsa mai ɗauke da shekarar 1929 ya zana gida mai siffar ƙafar keke, faɗinsa mita 30, yana kammala juyi cikin sakan 8. Ciwon huhu ya kashe shi a birnin Viyana cikin wannan shekara, yana da shekara 36, cikin talauci.

Lissafin Noordung daidai ne, amma da an gina gidansa da mazauna sun sha mamaki. Da yake nauyi yana raguwa ne gwargwadon kusanci da cibiya, mutumin da ke tsaye a ciki kansa zai fi ƙafarsa sauƙi da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Daɓen gidan yana gudun mita 12 a sakan. In mutum ya yi sassarfa ta mita 3 a sakan ya bi inda gidan ke juyawa, nauyinsa ya ƙaru da fiye da rabi, in kuwa ya juya baya ya saɓa wa juyin, kusan rabin nauyinsa ya tafi. Wanda ya tsiyaya shayi zai ga ya kauce wa kofi, wanda ya saki abu daga hannu zai ga ya faɗi gefe. Wannan karkata ita ce Bafaranshe Gaspard Coriolis ya bayyana a 1835, lokacin da yake nazarin injuna masu juyawa, ana kuma kiranta da sunansa har yau.

Babbar matsalar tana cikin kunne. Kowane yaro da ya taɓa wasan hajijiya ya san ta. A can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. A cikin ɗaki mai juyawa, da zarar mutum ya waiwaya ko ya sunkuya, ruwan nan sai ya motsa ta fuskar da ba ta dace da abin da ido ke gani ba, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Likitan sojan ruwan Amurka Ashton Graybiel ya gina ɗaki mai juyawa a Pensacola, inda a shekarun 1960 ya riƙa zaunar da mutane kwana da kwanaki. Ya tarar juyi ɗaya a minti ba ya damun kusan kowa, amma a juyi 10 har ƙwararrun matuƙa jirgin sama sun wahala. Kunne na neman a rage juyi, rage juyi na neman a faɗaɗa gida, faɗaɗa gida kuwa kuɗi ne. Tsakanin waɗannan uku aka yi ta ja-in-ja.

Wernher von Braun ya nemi tsaka-tsaki. Wannan Bajamushe, wanda rokarsa ta V-2 fursunonin da aka tilasta wa aiki suka ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma Amurka bayan yaƙi, kuma a 1952 mujallar Collier's ta buga zanensa: gargare mai faɗin mita 76, juyi ɗaya cikin sakan 22, yana ba da sulusin nauyin ƙasa ga mutum 80. Wannan hoto ne ya zauna a zukatan jama'a.

A nan ne ƙasar Hausa ta shigo labarin. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da ta jera kewaye da duniya don shirye-shiryenta na Mercury da Gemini. Ran 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da John Glenn ya ratsa saman Afirka ta Yamma, ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka ba shi amsa cewa iska ta yi mako tana kaɗawa. Lokacin hunturu ne. Shirin Gemini ya koyar da darasi biyu game da juyi cikin shekara guda. A watan Maris 1966 wata ƙaramar roka ta kumbon Gemini 8 ta maƙale a kunne, kumbon ya riƙa wulwulawa har kusan juyi ɗaya a sakan, ganin Neil Armstrong da David Scott ya soma dushewa, da ƙyar Armstrong ya tsayar da shi, aka katse tafiyar. A watan Satumba kuwa Pete Conrad da Richard Gordon na Gemini 11 suka ɗaure kumbonsu da wata roka mai suna Agena da igiya mai tsawon mita 30, suka sa su biyun suna kewaya juna a hankali, juyi ɗaya cikin minti 6 da 'yan kai. Majajjawa ke nan sak. Nauyin da aka samu bai taka kara ya karya ba, domin ƙato mai kilo 70 bai kai nauyin ƙwan kaza a ciki ba, mutanen ma ba su ji shi a jikinsu ba. Sai dai sun saki kyamara sun ga ta sulale sannu a hankali ta nufi gefe guda.

Inda injiniyoyi suka tsaya, nan marubuta suka ɗora. Zamani ne da sha'awar sama ta game duniya, har a Hausa ma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, Stanley Kubrick ya sa aka ƙera masa gargare mai faɗin kusan mita 12, aka nuna ɗan sama jannati yana gudu a cikinsa kamar a filin ƙwallo. Hoton ya ƙayatar, amma a gida mai wannan ƙanƙanta cikakken nauyi na bukatar fiye da juyi 12 a minti, kan mutum kuma ya fi ƙafarsa sauƙi da kusan sulusi. Arthur C. Clarke, abokin aikinsa, ya fi shi tsoron lissafi, domin a littafin labarin ya ce juyi ɗaya ne cikin sakan 10, nauyin kuma irin na wata. A littafinsa Rendezvous with Rama na 1973 ya kauce wa matsalar kunne gaba ɗaya ta hanyar girma: ganga mai tsawon kilomita 50, kwatankwacin tafiyar Funtua zuwa Malumfashi, faɗinta kilomita 20, tana juyi ɗaya cikin minti 4. Larry Niven kuwa a Ringworld na 1970 ya wuce gona da iri, ya zagaye rana guda da zobe mai gudun fiye da kilomita 1,200 a sakan. Babu ƙarfen da zai jure wannan ja, don kowace majajjawa tana da iyakar da igiyarta ke tsinkewa, sai ya ƙago wani ƙarfe na almara. Duk da haka bai tsira ba: ɗaliban jami'ar MIT sun taso shi gaba a wani taro a 1971 cewa zoben ba zai zauna daram ba, zai gangara ya bugi ranar, har ya rubuta littafi na biyu ya sa wa zoben rokokin gyara zama. Abin yabo ne a ce masu karatun almara sun riƙe marubuci da alƙalamin lissafi.

Su ma masana sun bi sahun marubuta. Gerard O'Neill na Jami'ar Princeton ya buga maƙala a 1974 da littafi a 1976 yana kawo shawarar gina gangunan zama masu tsawon kilomita 32, da gonaki da koguna a ciki. A 1975 wani taron nazari na NASA da Jami'ar Stanford ya zana zobe mai faɗin kilomita 1.8 don mutum 10,000, juyi ɗaya a minti, wato daidai abin da ɗakin Graybiel ya nuna kunne zai karɓa. Ko tubali ɗaya ba a aza ba. Dalili kuwa, ban da tsada, gwamnatoci sun gina tashoshinsu ne don nazarin rashin nauyin kansa, juya su kuwa zai ɓata binciken.

Jiki ne ya biya kuɗin wannan zaɓi. Wanda ya zauna babu nauyi, ƙasusuwan ƙugunsa da cinyarsa suna zaizayewa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari kowane wata, tsoka ta saki, ruwan jiki ya taru a ka har ya taɓa ganin wasu. Likita Valeri Polyakov na Rasha ya yi kwana 437 a tashar Mir daga 1994 zuwa 1995, ya kuma jure da taimakon motsa jiki na sa'o'i kowace rana, amma zuwa duniyar Mars da dawowa zai ci shekara biyu zuwa uku. Dabbobi sun riga sun ba da shaida. A 1977 Tarayyar Sobiyet ta aika da ɓeraye cikin kumbon Kosmos 936, wasu a cikin na'ura mai juyawa, kuma waɗanda aka juya sun dawo da ƙarancin lahani. A 2016 masanan Japan sun maimaita gwajin na kwana 35 a tashar ƙasa da ƙasa, ɓerayen da aka juya suka dawo da ƙashi da tsokarsu lafiya, 'yan uwansu da aka bari suna shawagi suka rame. Ta fuskar kunne kuma, gwaje-gwajen Jami'ar Colorado da aka buga a 2019 sun nuna cewa in aka riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan kwana bayan kwana, mutane na iya sabawa da juyi 17 a minti, abin da ke nufin ƙaramin gida ma zai iya wadatarwa.

An taɓa kusa da yin babban gwaji. Ƙasar Japan ta ɗauki nauyin ƙera wani ɗaki na musamman don tashar ƙasa da ƙasa, mai ɗauke da na'urar juyi mai faɗin mita 2.5, wadda za ta riƙa ba dabbobi da tsirrai nauyi hawa-hawa, don a gano ko nauyin wata ko na Mars ya isa ya tsare ƙashi. A 2005 NASA ta soke aikin saboda tsada da ƙarancin tafiye-tafiyen da suka rage wa kumbonta na jigila. Gangar ɗakin da aka riga aka ƙera sai aka ajiye ta a fili a cibiyar binciken sararin samaniya ta Tsukuba, arewa da Tokyo, don masu ziyara su riƙa kallo.