Kaza da ƴaƴanta: su nawa ne?

Jama'a masu karatu, in hunturu ya kama, wajen Disamba da Janairu, ku ɗaga kai bayan sallar lisha. Kusan tsakar ka za ku ga taurarin nan da suka dunƙule wuri guda, waɗanda muke kira Kaza da ƴaƴanta. Larabawa suna ce musu Surayya, Buzaye kuwa ƴan matan dare. Mai kaifin ido yakan ƙirga shida ko bakwai, kuma haka kakanninmu suka ƙirga.

Wanda ya fara rushe wannan lissafi shi ne Galileyo, mutumin Italiya. A shekarar 1610 ya buga littafi, ya zana abin da ya gani da madubin hangen nesa: taurari 36. A 1767 wani masani ɗan Ingila, John Michell, ya yi lissafi ya nuna ba haɗuwar hanya suka yi ba, ƴan gida ɗaya ne.

Amma a ganina babban aikin, hoto ne ya yi shi. Ido ba ya ajiya, abin da ya gani yanzu shi ke nan. Gilashin ɗaukar hoto kuwa kamar randa yake a gindin indararo, yana tara haske kaɗan-kaɗan har ya yi yawa. A watan Nuwamba na 1885, a birnin Paris, wa da ƙane, Paul da Prosper Henry, suka saita na'urarsu a kan Kaza. Aikin ba wasa ba ne, don taurari ba sa tsayawa. Dole mutum ya zauna cikin sanyi, ido a madubi, yana bin tauraro ɗaya sa'o'i, in ya kauce hoto ya lalace. Da suka wanke gilashin sai ga taurari fiye da dubu, ga kuma wani hazo kusa da tauraron da ake kira Maya, wanda ba a san da shi ba. A 1888 Isaac Roberts ya sake ɗauka a Ingila, hazon ya fito ya lulluɓe manyan taurarin.

An daɗe ana zaton hazon ragowar abin da aka yi taurarin da shi ne. Yanzu an gane ƙura ce ta daban, Kaza ce take ratsawa ta cikinta. Nisanta kuma an auna: haskenta yakan yi kamar shekara 440 kafin ya iso mu. Wato wanda za ku gani a hunturun bana, ya taso tun Mai Idris Aloma yana sarautar Borno.