Sauka Daga Kujera Ba Ya Goge Sirri: Tarihin Wata Ƙofa da Linux Ya Kulle

A Malali da Unguwar Rimi akwai dattawan da suka riƙe manyan ofisoshin gwamnati a Kaduna. Ranar da suka yi ritaya sun miƙa makulli da hatimi, amma abin da idonsu ya gani yana nan a kansu. Shi ya sa Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba ta sakin mutum don kawai ya bar kujera. Wannan ita ce matsalar da masana kwamfuta suka shafe fiye da shekara hamsin suna fama da ita.

Labarin ya faro ne a Bell Labs ta Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina Unix a 1969. A tsarin akwai mai cikakken iko guda ɗaya, root. Sauran masu amfani talakawa ne. To, yaya talaka zai sauya kalmar sirrinsa, alhali kundin da ke ɗauke da ita root kaɗai ke iya taɓawa? Ritchie ya ƙirƙiro alamar setuid, wadda ke ba manhaja aron ikon mai ita muddin tana aiki, aka ba shi shaidar mallakar fasahar a 1979. A 1975 kuma Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka bayyana ƙa'idar cewa kada a ba manhaja ikon da ya wuce bukatarta. Daga nan al'ada ta kafu: manhaja ta tashi da ikon root, ta yi abin da sai da shi, kamar buɗe ƙofar sadarwa mai lamba 80, sannan ta ajiye ikon ta koma talaka.

Nan ne mai gyara ke shiga uku. Hanyoyinsa biyu ne: ko ya leƙa cikin manhaja tana aiki da na'ura irin gdb, ko ya karanta kwafin ƙwaƙwalwarta da tsarin ke ajiyewa idan ta faɗi. Amma a Linux, da zarar manhaja ta sauya matsayi, sai tsarin ya toshe hanyoyin biyu ga talaka, ko da yanzu da sunansa take aiki. Dalili shi ne na dattijon Malali: ta sauka, amma ƙwaƙwalwarta na iya riƙe da kalmomin sirrin jama'a da makullan da ta karanta tana kan mulki.

An gwada sassauta wannan kulle. A 2005 Linux ya zo da wani zaɓi da ke ba da damar ajiye kwafin ƙwaƙwalwar irin waɗannan manhajoji da sunan root, domin sauƙaƙa wa masu gyara. Shekara guda bayan haka aka gano cewa kowane talaka zai iya kunna wa manhajarsa wannan zaɓi, ya kayar da ita da gangan a ma'ajiyar ayyukan da tsarin ke aiwatarwa da kansa, ya wayi gari da cikakken iko. A 2025 kamfanin Qualys ya nuna cewa kayan tattara rahoton faɗuwar manhaja a Ubuntu da Red Hat suna da ɓarakar da za a iya bi a kwashi kalmomin sirri da aka rufe. Kusan shekara ashirin tsakani, amma ramin ɗaya ne.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na Turawa ne. Duk wayar Android da aka saya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a kan Linux take tafiya, kuma kowace manhajar cikinta, har da ta banki, tana fitowa ne daga wata uwa mai suna Zygote, wadda ke da ikon root, sannan ta ajiye shi. Kullen da ke ɓata wa injiniya rai yana cikin katangun da ke tsare asusunka.

Saboda haka, ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin asibiti ko na ma'aikata yana da zaɓi na halal: ya yi binciken da ikon root, ko ya kwaikwayi matsalar a na'urar gwaji da bayanan bogi, ko ya buɗe kullen na ɗan lokaci ya mayar nan take, ya kuma goge kwafin da ya tara. Shugaban da injiniyansa ya nemi a bar ƙofar a buɗe don aiki ya yi sauri, tambaya ɗaya ta ishe shi: me manhajar ta karanta kafin ta sauka?