Adakar Kaset Ta Mahaifina Da Gardamar Masu Sauraron Waƙa

A hutun ƙarshen shekarar karatu da ya wuce na je gida, wani ƙauye da ke kusa da Gazawa, na tarar gardama ta kaure a ƙofar gida tsakanin ƙanena da ɗan yayarmu. Ɗan yayar tamu ɗalibi ne a jami'ar Maraɗi, shi kuwa ƙanena yana da ƴar rumfa a kasuwa inda yake cajin wayoyi da tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ɗalibin ya ce zamanin ajiye waƙa ya wuce, duk abin da mutum ke son ji yana YouTube ko Audiomack ko Boomplay, har wasan mawaƙi ana kallonsa kai tsaye daga kan gado. Ƙanena ya ce waƙar da ba ta cikin aljihunka ba taka ba ce, aronta aka ba ka.

Da suka nemi in raba gardama, sai na shiga ɗaki na jawo adakar marigayi mahaifinmu. Kaset arba'in da ƴan kai ne a ciki, da faifan garmaho uku. Muka zaɓi goma muka nema a intanet. Mun samu shida ba da wata wahala ba, domin na su Mamman Shata ne da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Huɗu kuwa ko alamarsu babu: wani mawaƙin noma daga wajen Gangara, da kiɗan kokawa da aka ɗauka a Cadawa, da zabiyar da ta yi wasa a bikin gwaggonmu, da wani makaɗin fada na Tsibiri. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, to su waɗannan ina za su?" Tambayarsa ce ta sa na zauna na bi tarihin yadda waƙa ke shigowa gidajenmu, domin kowace na'ura da ta zo ta canza wanda ke riƙe da waƙar.

Kafin na'ura, waƙa tana cikin kan mawaƙi da ƴan amshinsa. Wanda ke son ji sai ya je inda ake yi, ko fada, ko gayyar noma, ko filin dambe da kokawa, ko gidan biki. Ɗa ya gāji ubansa, yaro ya koya a bayan maigidansa, in zuriya ta bar sana'ar waƙoƙin su bi ta. Manyanmu sun ce garmaho ya shigo wannan yanki ne a hannun fatake da ƴan kasuwar gyaɗa, kuma abin masu hali ne. Faifan farko, mai juyi 78 a minti, bai ɗaukar fiye da kamar minti 3 a kowace fuska, alhali makaɗinmu yana iya shafe rabin sa'a bai sauke waƙa ɗaya ba. Dole a datse ta. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai juyi 33, wanda ke ɗaukar kusan minti 20 a fuska guda, kuma da irinsa ne kamfanoni kamar EMI suka fitar da muryoyin su Shata a Najeriya. Amma kamfani ne ke zaɓen wanda zai ɗauka, kuma ba ya zuwa Gangara neman mawaƙin noma.

Rediyo ya faɗaɗa abin. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, na Kaduna kuma a 1962, kuma mu nan jihar Maraɗi duka biyun muke kamawa. Ta nan ne Bagobirin Tsibiri ya riƙa jin Narambaɗa yana wasa Sarkin Gobir na Isa, iyakar da Turawa suka shata ba ta tare murya ba. Akwai wani abu na wannan zamani da nake son malaman lakwal su tuna da shi. A farkon shekarun 1960 an kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar, waɗanda ake kira Radio-Clubs, kuma da yawa daga cikin masu jagorantar su malaman makaranta ne. Su ne ke ɗaukar rikoda su shiga ƙauyuka su naɗo muryoyin mutane a aika Yamai. Ke nan aikin da zan roƙa a ƙarshen wannan rubutu, malamai sun taɓa yin irinsa.

Kaset ne ya juya al'amarin gaba ɗaya. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma a iya tunawata sai wajen ƙarshen shekarun 1970 ya cika kasuwanninmu, daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa. Yana da araha, yana aiki da batir, yana ɗaukar minti 60 ko 90, kuma uwa uba yana da maɓallin ɗauka. A karon farko manomin aya na Agiye ya samu ikon naɗar abin da shi yake so, ba sai wani kamfani ya yarda ba. Haka mahaifinmu ya tara nasa. Yakan je biki da rediyonsa a rataye, ya ajiye gaban makaɗa, ya danna. Shi ya sa a kaset ɗin zabiyar nan ana jin guɗar mata da kukan jaki da muryar kakarmu tana tsawata wa yara. ƴan ci-rani ma da kaset suke aiko da saƙo gida, a taru a tsakar gida a saurara kamar ana karanta wasiƙa.

Daga baya faifan CD da na fim suka zo, waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye rumfunan shayi, sannan wayar hannu mai memori ta haɗiye su duka. Nan aka samu sana'a irin ta ƙanena, mutum ya kawo wayarsa da ƴan daloli a cika masa, ya koma ƙauye ya rarraba wa abokai ta Bluetooth. Wannan hanya ta fitar da mawaƙa har duniya. Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa, ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi na cikin wayoyi ya fitar da su a 2011, kuma a kan faifan garmaho ya buga su. Abin da muka jefar a matsayin tsohon yayi, can ana sayensa da tsada. A 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987, kuma masu sha'awarsa sukan juye shi a kwamfuta don su samu nasu kwafin da ba mai iya karɓewa.

Yanzu mun iso zamanin da ɗan yayata ke yabo. An ƙaddamar da Boomplay a Najeriya a 2015, yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da suka cika hannun matasanmu. Spotify ya buɗe wa ƙasashen Afirka da dama ƙofa a watan Fabrairun 2021. Ba zan rage wa wannan tsari alherinsa ba. Yaron da ke Gidan Rumji yana iya jin Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ba tare da ya mallaki ko kaset ɗaya ba. Mawaƙin da ya yi rajistar aikinsa yana iya samun wani abu duk lokacin da aka saurara, abin da bai samu a rumfar tura waƙa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci ga ƙanena, kuma na faɗa masa: mawaƙi ya yi gumi, yana da haƙƙi, don haka ma aka kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a ƙasar nan.

Sai dai sauraro ta intanet yana tsaye ne a kan ƙafa uku, wato wuta da layi mai ƙarfi da kuɗin data. Duk mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. A waɗannan watanni wanda ke da waƙa a memori ya ci gaba da ji da ɗan cajin hasken rana. Bayan haka, waƙar da ke intanet tana nan ne muddin wanda ya ɗora ta bai cire ba, kuma muddin shafinsa na raye. Na taɓa ajiye adireshin wata tsohuwar waƙar noma don in koyar da ita a aji, ranar da na buɗe na tarar babu ita. Mafi girma duka, waɗannan dandali ba su da abin da ba a ɗora musu ba, kuma suna tura wa yaro irin abin da ya riga ya saurara. In bai taɓa jin kalangu ko kotso ko gurmi ba, ba za su kawo masa ba.

Batun wasa ta allo kuma ya yi ƙarfi ne a 2020, da annobar korona ta hana taro, mawaƙa a duniya suka koma yin wasa ta Facebook da YouTube. A wannan shekarar ce waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasar Hausa ta hanyar bidiyon da mata ke ɗauka a cikin gidajensu. Irin wannan wasa yana da masu amfana da shi a wurinmu: ɗan ci-ranin da ke Libiya ko Abijan, da matar da ba ta fita, da mutanen ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji, inda ɓarnar ƴan bindiga ta sa taron dare ya zama abin tsoro, yankin da ya karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Duk da haka, wanda ya taɓa tsayawa a fili ya san bambancin. Makaɗin Hausa yana kallon taro ne yana gina waƙarsa. Ya hango ka ya ambaci kakanka da garinku, ka fito ka yi kari, ƴan amshi su ɗauka, waƙar ta sake hanya saboda kai. A allo mawaƙi bai san wanda ke kallonsa ba, yaro kuma yana kallo shi kaɗai da abin ji a kunne, babu babba a gefensa da zai fassara masa habaici ko ya gaya masa wane ne ake wasawa.

Abin da na gaya wa su biyun shi ne kowa ya riƙe rabin gaskiya, amma gaggawar tana wurin adaka. Zaren kaset yana saki, yana yin fumfuna, faifai kuma zafinmu yana lanƙwasa shi. Rediyoyin da ke juya su suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. Juye su ba aiki ne mai wuya ba. Ana bukatar rediyo mai kaset da ke aiki, da igiyar da za ta haɗa kafar abin ji a kunne da kwamfuta, da manhajar ɗaukar sauti irin Audacity, wadda kyauta ce. In babu kwamfuta, a ajiye waya kusa da lasifika a ɗaki marar hayaniya, ya fi babu. A ajiye kwafi a wuri biyu, kuma kada a jefar da kaset ɗin bayan an juye.

Muhimmin sashen aikin shi ne rubutu, kuma nan ne malamai da iyaye suka fi kowa. Sauti marar suna maraya ne. A tambayi tsofaffi tun suna nan: wane ne mawaƙin, ɗan wane gari ne, wace shekara, bikin wa, wa yake wasawa. Malami na iya mai da wannan aikin gida, kowane ɗalibi ya kawo labarin kaset ɗaya daga gidansu, a saurara a aji a tsinci kalmomin noma da sarauta da suka fara ɓacewa daga bakin yara. In za a ɗora a intanet, a nemi izinin mawaƙin ko magadansa, a rubuta sunansa, kada wani ya ci da guminsa. Abin da ya yi fice kuma ana iya sanar da cibiyoyin da ke adana tarihin baka a Yamai, irin su IRSH da CELHTO.

Kafin hutu ya ƙare mun juye kaset goma sha ɗaya a rumfar ƙanena, ɗalibin ne ma ke riƙe da kwamfuta. Biyu sun riga sun lalace, ba mu samu komai a cikinsu ba. Ranar da muka kunna na zabiyar, gwaggonmu ta zo ta zauna a kan tabarma ta lissafo mana sunayen matan da ke amshi ɗaya bayan ɗaya, yaron yana rubutawa. Saura talatin da wani abu a cikin adaka, mun yi alkawarin komawa kansu a hutu mai zuwa in Allah ya kai mu.