Tashar Kano da ta yi magana da 'yan sama jannati

Tun Najeriya tana da 'yan watanni da samun 'yancin kai, Kano ta shiga harkar tafiya sararin samaniya. A lokacin hukumar NASA ta Amurka tana shirin Mercury, na tura mutum ya kewaya duniya, kuma ta fuskanci wata matsala. Kumbon yana gama zagaye ɗaya cikin kusan awa ɗaya da rabi, tashar da ke ƙasa kuwa ba ta jin sa sai na 'yan mintoci kafin ya ɓace mata. Dole a jera tashoshi a kan hanyarsa, wannan ta miƙa wa waccan. Aka tsara guda 18, biyu daga ciki a kan jiragen ruwa. A Afirka Kano da Zanzibar aka zaɓa.

Hanyar kumbon ce ta jawo wa Kano wannan rabo. In ya tashi daga Florida ya ƙetare tekun Atilantika, ya wuce tsibiran Kanari, sai ya ratso ta saman Arewa. Gwamnatocin Najeriya da Amurka suka ƙulla yarjejeniya a 1960, zuwa 1961 tasha ta fara aiki. Aikinta ta yi magana da matuƙin ta rediyo, ta karɓi bayanan bugun zuciyarsa da numfashinsa da lafiyar injuna, ta aika Amurka nan take. Kafin a saka mutum, sai da aka gwada da kumbo babu kowa, sannan da wani biri mai suna Enos a Nuwamba 1961.

Babbar ranarta ita ce 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin kusan awa biyar. Watanni goma ke nan bayan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyat ya riga kowa kewaya duniya. Da Glenn ya iso saman ƙasarmu, hirarsa da ma'aikatan Kano ta taɓo ƙurar da ta lulluɓe wannan yanki: su suna cikinta, shi yana hango ta daga sama. Hazon hunturu ne, wanda manomin Bichi da Dambatta da Minjibir ya sani sarai, lokacin da ake ɗora wa jakuna mangalar taki zuwa gona kafin damina. Ni wannan ne ya fi taɓa ni a duk tarihin. Mutum yana can sama cikin kumbon da ƙyar ya ɗauke shi, rayuwarsa a tafin hannu, kuma muryar da ke amsa masa daga ƙasar Kano take fitowa.

Tashar ta ci gaba da aiki a shirin Gemini da ya biyo bayan Mercury, ta Zanzibar kuwa an rufe ta bayan juyin juya halin 1964. Da aka kammala Gemini a 1966 aka fuskanci zuwa duniyar wata, sai aikin ya koma hannun manyan tashoshi a Amurka da Sifaniya da Ostareliya, na Kano ya zo ƙarshe. Sai a 1999 Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, wadda ta harba tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar, NigeriaSat-1, a 2003.

Malaman kimiyya na makarantun ƙauyukanmu, ku gaya wa ɗalibanku wannan labari. Yaron Kunci ko Makoɗa da ke sha'awar taurari ya cancanci ya san cewa an taɓa yin wannan aiki a jiharsa.