Yaye a Sabon Garin Wudil: Tsakanin Lokaci da Abin da Ke Maye Gurbin Nono

Idan ana zancen yaye a Sabon Garin Wudil, kamar sauran ƙasar Hausa, tambayar da ta fi yawa ita ce wata nawa yaro zai yi kafin a cire shi. Wannan kuwa an daɗe da amsa ta. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta tsaya kan nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba da shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. A ganina matsalar tana wajen yadda ake yayen, da abin da yaro ke samu bayansa.

Al'adarmu yaye na rana ɗaya ne. A shafa wa nono abu mai ɗaci, ko a kai yaro gidan kaka ya kwana biyu ya manta. Hikimar kai shi wurin kaka a bayyane take, domin hannu ne da ya sani. Sai dai yaron da bai saba cin abinci sosai ba sai ya rasa uwa da nono lokaci guda, ya yi ta kuka, ya ƙi ci. Ita ma uwar nono kan cika ya sankare mata, wani lokaci har da zazzaɓi. Rage shayarwa sannu a hankali cikin makonni, a fara da ta rana a bar ta dare daga ƙarshe, yana kauce wa duka biyun.

Yayen da ya fi haɗari shi ne na kwanika. Da zarar ciki ya bayyana sai a ce nono ya lalace, a cire yaro ko da bai kai shekara ba. Binciken likitoci bai nuna nonon mai ciki yana cutar da yaro ba. Abin da uwar ke bukata ƙarin abinci ne da zuwa awo.

Sai kuma koko, wanda ake maye gurbin nono da shi. Tun 1933 likita Cicely Williams ta bayyana ciwon kumburi a yaran ƙasar da yanzu ake kira Ghana, waɗanda aka yaye kan kunun masara kaɗai. Kokon gero tsararo cika ciki kawai yake yi, ga shi cikin yaro ƙarami ne. Binciken lafiya na ƙasarmu na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Abin da ke ci mini rai shi ne Wudil gari ne na kogi da kifi da kasuwar shanu. Garin busasshen kifi, gyaɗa, waken soya, ƙwai, zogale da ɗan manja duk suna kusa, kuma su ne ke mayar da kunu abincin gina jiki.

Kada a yaye yaro yana jinya, ko a tsakiyar damina lokacin da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suka yi yawa. Magidanta kuma su sani cefanen yaye a wuyansu yake: kafin a sa rana, a tabbatar yaron yana cin abinci mai kauri sau uku zuwa huɗu kullum.